Ranar Da Hayaƙi Bai Fita Ta Bututu Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku a wannan shafi, ina jin kunyar in kawo nawa. Sanyin bana ne ya sa na daure, don na ga an fara shigar da wuta ɗakuna. Ina roƙon ku sakaya sunana.

A lokacin ina malamar lakwal, wato makarantar boko, a garin Tawa, ban daɗe da kama aiki ba. Ni 'yar Damagaram ce, aiki ne ya kai mu Adar ni da maigidana, wanda ke aikin duba lafiyar dabbobi. Shi yawancin kwanakinsa can wajen Affala yake yi cikin makiyaya, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Shekarun nan ne da aka buɗe siyasar jam'iyyu, kowa na ji da bakinsa, albashi kuwa sai a daɗe ba a gan shi ba, yau yajin aiki, gobe taro. Ina da ƙuruciya, ina kuma da girman kan wadda ta yi boko a unguwar da mata kaɗan ne suka taɓa shiga aji.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata dattijuwa, Ba'adara 'yar wajen Bambeye, wadda unguwa duka ke kira Inna. Fura take damawa ta sayar, mijinta kuma manomi ne mai amalanken jaki. Da muka zo sun karɓe mu da hannu biyu. Siyasa ce ta ɓata mu. Mijinta ya ɗaura tutar jam'iyyarsu a kan bishiyar bedin da ke bakin ƙofofinmu, maigidana ya ce a sauke, magana ta yi tsawo. Ni da ya kamata in kashe wutar sai na ƙara mata. Wata rana a wurin famfo, gaban mata, na ce wa Inna su mutanen ƙauye ko abin da suke zaɓa ba su sani ba, launin ƙyalle kawai suke bi. Ta ɗora tulunta ta wuce. Daga ranar gaisuwa ta mutu tsakanin gidajen biyu.

Cikin wannan hali na haihu, ɗan fari, kuma bakwaini. Ya zo a tsakiyar ɗari, ɗan mitsitsi, fatarsa kamar ta ɗan tsuntsu. A asibiti suka ce babu abin da za su ƙara mana, mu tafi gida, amma kada mu bari sanyi ya taɓa shi ko kaɗan. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo, ta zo daga gida don ta yi mini wankan jego. Inna ta leƙo barka har bakin ƙofar ɗaki, na amsa mata da baki ɗaya, ban ce ta shigo ba.

Itace a Tawa a lokacin ya yi tsada, ga ruwan wanka safe da yamma, ga ɗumama ɗaki. Sai maigidana ya samo wani murhun ƙarfe wurin wani mai walda da ya taɓa zama Aljeriya, ya ga irinsa can ya ƙera. Da gawayin dutse yake aiki, wanda ake haƙowa a arewa, manyan motoci na kawowa daga wajen Agadas. Murhun yana da wani mazurari a sama mai murfi. A nan ake zuba gawayin, shi kuma yana gangarowa kaɗan-kaɗan ta wani siririn wuya zuwa kan wuta, hayaƙin ya bi bututu ya fita ta taga. Buhun farko da maigidana ya kawo mai kyau ne, ƙwayoyinsa daidai wa daida kamar goro, baƙi wuluk yana sheƙi. Ɗaki ya yi ɗumi, yaro ya fara kama nono. Bututun kuwa bakinsa yana kallon tsakar gidan Inna, hayaƙin duk kanta yake sauka. Ina jin tarinta ta bayan katanga, ban taɓa damuwa ba.

Da buhun ya ƙare maigidana yana daji. Na aika tasha aka sayo mini wani mai araha wurin masu sauke kaya. Da aka buɗe na ga ba irin na farko ba ne. Rabinsa gari ne, ga manyan dunƙule, ga tsakuwa fara-fara da ba ta ci da wuta, kuma da ɗan laima a jikinsa. Na gani da idona, amma na ce gawayi ai gawayi ne. Tun daga ranar murhun ya fara gardama. Dunƙule ya tsaya a wuya, garin ya daskare a bayansa, gawayi ya daina sauka, wuta ta yi ta ci a ciki-ciki tana wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Sai in buɗe murfi in zura sandar ƙarfe in zungure, ya wuce. Ni da Gwaggo muka fara ciwon kai. Ta ce nata na baƙon wuri ne, ni na ce nawa na jego ne. Don tsoron iska kuma na bi duk wata kafa ta taga da ƙarƙashin ƙofa na toshe da tsumma.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Na gama wankan safe, muka shiga ɗaki, Gwaggo ta sa sakata saboda iska na bugo ƙofar. Na cika mazurarin, ba a jima ba ya sake toshewa. Na buɗe murfin ina zungura, abin ya ƙi, sai yaron ya fara kuka. Na ajiye sandar na koma kan gado in ba shi nono, da niyyar in dawo. Murfin na bar shi a buɗe. Daga baya aka gane bututun ma ya riga ya cika da baƙin toka na wannan mugun gawayi, don haka duk abin da wutar ke fitarwa ta mazurari yake dawowa cikin ɗaki.

Ba zafi na ji ba, wani barci ne mai daɗi ya fara jana. Na ga Gwaggo zaune kan tabarma da carbi a hannu, kanta ya langaɓe a jikin bango, na ce a raina tsohuwa ta gaji. Yaron ya saki nono ya yi shiru. A nan ne gabana ya faɗi. Na so in ɗaga shi, hannuna ya ƙi tashi. Na so in kira Gwaggo, harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Ina jin dakan Inna ta bayan katanga, tim, tim, kusa da ni ƙwarai. Daga nan ban ƙara sanin komai ba.

Sauran labarin daga bakin matan unguwa na ji. Inna tana daka sai ta lura hayaƙin da ya saba damunta bai fito ba, ga shi kuwa tana jin warin wutar. Ta saurara, ba kukan jariri, ba motsin kwano. Ta kira ta kan katanga, Madam, Madam, shiru. Ƙofar gidanmu a kulle take ta ciki. Sai ta kifa turmi ta taka, mace mai jikoki, ta haura katangar ta faɗo cikin gidanmu har ta gurɗe ƙafa. Da taɓarya ta karya ƙofar ɗakin. Yaron ta fara ɗaukowa, sannan ta ja ni ta ƙafa zuwa tsakar gida, ta koma ta jawo Gwaggo, tana yi tana kururuwa har mutane suka taru.

Na farfaɗo a kan amalanken mijinta, kaina kamar ana sara da gatari, ina amai. Jakin na gudu, dattijon na gudu a gefensa yana salati. Na manta da duk wata kunyar ɗan fari, na ƙwala ihu ina tambayar ɗana. Inna tana zaune wajen kaina, ta buɗe mayafinta kaɗan. Ta sa shi cikin rigarta, jikinsa manne da ƙirjinta. Ta ce: “Shina da rai, ɗiyata. Kwanta. Shina numfashi, ina jin shi.” Wannan ne karo na farko da ta kira ni da wani suna ba Madam ba.

A asibiti ana cikin yajin aiki, amma ma'aikatan jinyar da aka bari suna gadi sun tsaya a kanmu tsayin daka, Allah ya saka musu. Ni da yaron muka warware da wuri. Gwaggo ce ta daɗe ba ta dawo hayyacinta ba, kuma ko da ta tashi ba ta koma yadda take ba. Mantuwa ta kama ta, ciwon kai bai rabu da ita ba har ta koma ga Allah bayan 'yan shekaru. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ni ce dai na san wanda ya ga tsakuwa a buhu ya kau da kai, na kuma san wanda ya bar murfi a buɗe.

Da aka sallame mu, Inna ba ta yi shawara da kowa ba, ta sa aka kai kayanmu ɗakinta na ginin ƙasa, wanda ke riƙe ɗumi ba sai an hura komai ba. Ita ta ƙarasa mini wankan arba'in, tana ɗingishi, da kara da itacen da mijinta ke ɗaukowa daga gonarsu ta hanyar Kalfu. Yaron kuwa a ƙirji muka raine shi, in na gaji ta karɓa, in ta tashi dama fura ta maido mini. Da maigidana ya dawo daga daji ya je ya durƙusa gaban dattijon yana hawaye. Dattijon ya ce ya tashi, wannan ba abin durƙuso ba ne. Da zaɓe ya sake zuwa kowa ya jefa wa nasa, suka dawo tare suna yi wa juna tsiya.

Ni kuwa na daɗe ina juya yadda zan nemi gafararta. Wata safiya tana gasa mini jiki na fara, na ce Inna, maganar nan ta wurin famfo. Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta ce: “Wace magana? Juya ɗayan gefen, ruwa na hucewa.” Ban sake tayar da zancen ba, ita ma haka. Ɗiyar da na haifa bayan wannan sunan Inna aka raɗa mata, kuma da aka yi mana canjin wurin aiki, har tasha ta raka mu tana riƙe da hannun yaron, wanda a lokacin ya fara gudu.

Abin da nake so in gaya wa masu karatu shi ne, duk wanda zai sa wuta a ɗaki, ta gawayin dutse ce ko ta gawayin itace, ya bar wa iska hanya, ko da sanyi zai shigo. Ku duba abin da kuke zubawa a murhu. In kun ga gari da tsakuwa ko laima, ku tankaɗe, ku shanya, ko ku haƙura da shi gaba ɗaya. In murhu ya fara toshewa, ku kashe shi a gyara, kada ku saba da zungura kamar yadda na saba. In kuma mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, ku fita waje tukuna kafin ku nemi dalili. Wannan abu ba ya zuwa da zafi, da barci yake zuwa.

Sannan ku riƙe bakinku a kan maƙwabta. Ni da duk karatuna ban iya ɗaga hannu na ceci ɗana ba, sai da wadda na wulaƙanta gaban mata ta haura katanga. Inna ta rasu yanzu. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa ta cikin addu'a, ita da Gwaggo. Ba sai kun san sunansu ba, Allah ya san su.