Tebur ɗaya da surukata

Ni mutum ne mai son tsari, kuma in na tsara abu ba na son a taɓa mini shi. Matata takan ce da za a bar ni, ko atishawa sai na sa mata lokaci. To, a shekarar da mahaifiyarta ta zo mana daga Maradi ganin likita, ni na ɗauki alkawarin kai iyali babban wurin wasannin nan na yara da ke gabashin Paris, mu kwana biyu a otel ɗin cikinsa. Mu biyar ne: ni, matata, ƴan matanmu biyu, da Hajiya surukata. Tun muna Lyon na biya komai har da abinci. Tsarinsu shi ne a ba ka kati, kowa yana da cinsa na safe da na rana da na yamma, amma sai ka kama tebur tun da wuri, iyali su shiga tare a lokacin da aka ba su, a danna katin a ƙofa. Wanda ya fita kafin ya gama, ya fita ke nan. Na ji daɗin wannan tsari ƙwarai, har na buga takardun na jera su cikin jaka bi da bi.

Hajiya tana da ciwon suga. Kafin kowane abinci ana yi mata allura, irin wadda in an yi ta dole abinci ya biyo baya ba da jimawa ba, in ba haka ba sugan ya faɗi, mutum ya shiga rawar jiki har ya suma. Wannan na san shi sarai, don ni nake karɓo mata maganin. Abin da ban lura da shi ba shi ne, sati uku tana gidanmu a Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon, ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. In na dawo daga aiki, an ce ta riga ta ci. Ranar hutu kuwa matata ta ɗauki tire ta shiga da shi ɗakin yara, ta ja ƙofa. Na ɗauka halin tsofaffi ne na son cin abinci a ƙasa.

Matata ita ce ƴar farin Hajiya, ko sunanta Hajiya ba ta faɗa, sai dai "ke". Ni kuma "uban yaran nan". Da safe ina durƙusawa daga bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa tana duban bango. A Zinder aka haife ni, babu abin da ban sani ba na kunyar surukai. Amma shekarun da na yi a Faransa sun sa na ɗauka abin ya tsaya a gaisuwa.

Ranar da na nuna wa matata takardun, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Tebur ɗaya?"

Na ce, "Da guda nawa kike so?"

Ta ce, "Ka dai tambaye su ko za su iya rabawa."

Na ce mata ni ban biya kuɗina don mu warwatse kamar baƙin juna ba, kuma in tana ganin ta fi ni iyawa, ga telefon nan. Ta naɗe takardun. Har yau in na tuna yadda na yi mata magana sai in ji kunya.

Mun ɗauki jirgin ƙasa na safe, muka ajiye kaya a otel, muka shiga wurin wasannin. Yara suka yi ta janmu daga wannan lilo zuwa wancan. Hajiya ta ƙi keken da ake tura tsofaffi a ciki, ta ce ƙafafunta ba na ado ba ne, haka ta yi ta binmu sannu a hankali cikin mayafinta. Ƙarfe ɗaya daidai muka tsaya a layin gidan abincin da na kama mana tebur. Da na ga saura iyali biyu a gabanmu, sai na ce wa matata ta kai Hajiya bayi ta yi mata allurar yanzu, don kada mu ɓata lokaci a ciki. Ta buɗe baki za ta yi magana, na nuna mata agogo. Suka tafi, suka dawo, aka danna katinmu.

Teburin zagayayye ne, kusa da bangon gilashi, kuma kujerar Hajiya ta faɗo daidai gabana. Abinci a jere yake, kowa ya je ya ɗebi son ransa. Na tashi da rawar jiki irin ta surukin kirki, na zubo mata shinkafa da kifi da ganye, na ajiye a gabanta.

Na ce, "Bismillah, Hajiya."

Ta ce, "Madalla. Ku ci abinku." Idonta na kan gilashi.

Sai na ce a raina, to, tsoron naman alade take yi. Na ɗaga hannu na kira wani ma'aikaci, na tsare shi da tambayoyi: da wane mai aka soya kifin, an zuba giya a miyar ko ba a zuba ba, shinkafar da romon me aka dafa ta. Ya tafi kicin ya tambayo, ya dawo ya ce babu komai. Duk wannan lokaci ne yake tafiya. Na juyo ina murmushi na fassara mata tsaf.

Ta ce, "Allah shi yi albarka." Ba ta taɓa cokalin ba.

Daga nan na yi abin da ya fi duka muni. Don in ƙarfafa mata gwiwa, na ɗauki nawa cokalin na fara ci a gabanta, ina tauna ina gyaɗa kai, ina cewa kifin nan ya yi daɗi. Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. A ƙarƙashin tebur matata ta taka mini ƙafa, ta ce da Faransanci ƙasa-ƙasa, "Va faire un tour." Wato in tashi in ɗan zagaya.

Na ce mata in na fita ba za su bar ni in dawo ba, kuma tun asuba babu komai a cikina. Ta sake taka ni. Raina ya ɓaci. Na yi wata guda ina shirya tafiyar nan, ga shi tun a cin farko ana korata daga teburin da na kama. Na ajiye cokali na dubi Hajiya kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Hajiya, nan Faransa ne. A nan ba a jin kunyar abinci. Ki ci, don Allah."

A lokacin ne na ga zufa a goshinta, alhali ɗakin da sanyi. Carbin da ke hannunta yana buga gefen tebur da kansa. Ƙaramar ɗiyarmu ta daina ci, ta ce, "Maman, Hajiya tana rawa." Matata ta tura mata kofin lemo har bakin hannu. Hajiya ta sa bayan hannu ta ture shi a hankali, lemon ya zuba kan tebur, laɓɓanta sun yi fari.

Matata ba ta taɓa ɗaga mini murya a gaban mahaifiyarta ba, sai ran nan. Ta miƙe tsaye ta ce, "Elle ne mangera jamais devant toi. Ba za ta ci a gabanka ba, ko ruwa ba za ta sha ba! Tun yaushe aka yi mata allurar? Fita!"

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na tashi har kujera ta faɗi, mutanen teburin kusa suka juyo. A ƙofa matar da ke danna kati ta ce, "Monsieur, in ka fita ba dawowa." Na ce mata na sani, na wuce.

Waje cike yake da kiɗa da ihun yara, masu sayar da balo suna kai da kawowa. Da na tsaya sai na ga ashe ina daidai bangon gilashin nan, teburinmu yana bayansa, taku uku tsakaninmu. Kaina ya fara juyawa da kansa, na kama shi. In Hajiya ta ɗaga ido ta ga fuskata, za ta ajiye duk abin da ke hannunta. Na ba gilashin baya na tsaya ƙyam. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba. Mace tana iya faɗuwa a bayana, kuma taimakon da zan iya yi mata shi ne kada in duba.

Na tare wani ma'aikaci na tambaye shi inda masu ba da agajin gaggawa suke, ya nuna mini, ya ce in ya kira su za su zo nan take. Na ce ya ɗan dakata. Na rubuta wa matata, "In kira likita?" Shiru. Na sake rubutawa. Shiru. Na fara tunanin yadda zan buga wa ƙannen matata maza a Maradi in ce musu me. In ce na kai uwarku wurin wasan yara, na sa an yi mata allura, na zauna a gabanta ina cin kifi? Sai na tuna mahaifina. Duk shekarun da ya yi yana kai mu gidan kakata ta wajen uwa, ban taɓa ganin ya sha ko fura a gidan ba. Yakan zauna a zaure, a kawo kwano, ya yi godiya, kwanon ya koma a rufe. Ina yaro na ga wannan da idona, na girma na manta.

Ma'aikacin yana tsaye yana jirana, hannunsa a kan na'urar kira. Na buɗe baki zan ce ya kira, sai telefon ya motsa a hannuna. Matata ce. "Ta sha lemo. Tana ci. Kar ka juyo."

Ban juyo ba. Na yi wa mutumin godiya, na ci gaba da tsayuwa a wurin. Wata tsohuwar Bafaranshiya ta tambaye ni ko na ɓatar da yaro ne, na ce a'a, ina jiran iyalina. Na fi rabin awa ina kallon bayan wata rumfar sayar da kayan wasa, har na haddace duk abin da ke rataye a jikinta.

Da suka fito, Hajiya tana dafe da kafaɗar ɗiyarta, amma idonta ya dawo daidai. Na durƙusa nan kan hanya, mutane suna ratsa mu, na ce, "Sannu, Hajiya. Ki yafe mini."

Ta dubi gefe ta ce, "Yawwa. Ba komi." Sannan ta juya wajen matata, ta yi maganar da har yau take cikin kunnena. "Ke, shi hwa? Bai ci ba."

Ta sa hannu cikin mayafi ta fito da wani ƙunshi na takardar goge baki, ta miƙa wa matata, matata ta miƙo mini. Burodi ne guda biyu da yankan kifi a tsakiya, da ayaba. A wurin an hana fita da abinci, an rubuta a ƙofa. Matata ta ce ta faɗa mata, ita kuma ta ce to su zo su kama ta. Matata ta ƙara da cewa tun hannun Hajiya bai gama daina rawa ba ta fara haɗa ƙunshin. Na karɓa da hannu biyu. Na zagaya bayan rumfar nan inda ba za ta gan ni ba, na ci a tsaye, hawaye suna zubo mini, ban damu da masu wucewa ba.

Kafin cin yamma na je wurin masu karɓar baƙi na otel, na ce ina so a raba mana tebur a duk sauran cin da ya rage, mutum huɗu a ɗaya, ni kaɗai a ɗaya. Yarinyar da ke wurin ta dube ni da tausayi, ta tambaya a hankali ko faɗa aka yi a gidan. Na ce mata ba faɗa ba ne, girmamawa ce. Na ga ba ta gane ba, amma ta gyara. Ashe tun farko abin da matata ta ce in tambaya, magana ce ta minti biyu.

Da ƙarfe shida suka ba ni wani ɗan tebur a jikin ginshiƙi, bayana yana fuskantar bayan Hajiya. Na zubo abincina na zauna, amma na kasa fara ci. Na kasa kunne cikin hayaniyar ɗakin, ina jin muryar yarana, ina jin matata tana cewa a rage gudu. Can sai na ji cokali ya taɓa faranti a bayana, a hankali, ya sake taɓawa. Sai da na ji sau uku sannan na yi bismillah.

Hajiya ta koma Maradi bayan wata biyu. Har yau ban taɓa ganin tana cin abinci ba, ƙarar cokalinta kawai na sani.