Tabon Bayan Kunnen Hagu

Duk namijin da aka haifa a unguwarmu a Nahuce, askar Dalhatu Wanzam ce ta fara hawa kansa. Ni ma shi ya yi mini askin suna, kuma har na zama malamin makaranta bai daina kirana mai kan gwanda ba. Mutum ne siriri mai saurin fushi, kullum da zabirarsa ta kayan aski a rataye. Yana iya wuce ka a kasuwar Bungudu bai gane fuskarka ba, amma da ka juya masa ƙeya sai ya faɗi sunanka da na ubanka.

Aski ɗaya ya sani, ƙwal-kwabo. Ya jiƙa kai da ruwan sabulu, ya wasa aska, ya bi kan har ya yi sheƙi. Idan ya gama, sai ya tattara gashin tsaf ya tona rami ya binne, domin mutanenmu na cewa wanda iska ta watsa gashinsa ba ya samun natsuwa. Ni dai ban cika yarda da wannan ba, shi kuwa bai taɓa wasa da shi ba.

Bayan Gusau ta zama babban birnin jiha, shagunan aski na inji suka cika unguwar Tudun Wada da ke can. Ga madubi, ga hotunan kawuna a bango, ka nuna wanda kake so a yi maka. Dalhatu ya ce wannan ba aski ba ne, barin aiki ne rabi da rabi.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Mas'udu, direban motar haya, mai shekara ashirin da uku. Ana gobe Babbar Sallah ta 1997 ya dawo gida da sabon aski: an kwashe gefe, an bar sama a tsaye, an fitar da goshi daidai. Gaskiya dai askin ya karɓe shi. Muna zaune a ƙofar gidansu muna yi masa tsiya, yana dariya, sai ga uban ya fito.

"Wa yai maka wanga aiki?" in ji Dalhatu.

"Baba, shi aka yayi yanzu."

"Ɗan wanzami, ka tahi ka miƙa kanka ga wani? Zamna nan."

Mas'udu ya dube mu, ya zauna. Babu wanda ya hana Dalhatu a cikinmu, kuma wannan yana damuna har yau. Ya zaro aska cikin fushi ya hau aske kan. Da ya zo bayan kunnen hagu, sai askar nan da ba ta taɓa yin kuskure ba ta zame, jini ya gangaro kan sabuwar rigar sallah. Da aka gama, Mas'udu ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya nufi motarsa. Uwarsa Talatu ta leƙo daga zaure.

"Malam, gashin yaron ga hwa?"

"Bar shi nan," in ji Dalhatu.

Kafin la'asar iska ta kwashe gashin duka. Mas'udu bai zo Idi ba, bai zo bayan sallah ba. A tasha aka ce ya miƙa motar ga mai ita ya bi manyan motoci zuwa Kudu.

Daga nan Dalhatu ya zama wani iri. Sai ka gan shi a tashar Gusau tsaye bayan samari yana kallon ƙeyarsu. Wani lokaci ya bi ɗaya da sauri har ya kusa dafa shi, sannan ya tsaya cak ya juyo. A gida kuma yakan sunkuya a gindin katanga yana tone ƙasa da yatsa, ko zai tsinci ko da sili ɗaya na gashin ɗansa. Ya taɓa ce mini duk yammacin Allah yana jin tsayawar mota a ƙofar gida, ya fito bai ga kowa ba.

Wata rana ya nemi in raka shi Tudun Wada. Ya tsaya gaban mai shagon da ya yi wa ɗansa askin, wani Haruna da bai kai rabin shekarunsa ba, ya cire hula ya ce ya zo koyo. Ya sayi injin aski na hannu, tunda mu ba mu da lantarki. Kaina ne ya sha wahalar gwaji. Wata uku ina yawo da hula har kunne, ɗalibai na yi mini dariya. Amma ya iya, ya ma fi Haruna fitar da goshi.

"Ran da Mas'udu yaz zo, irin wanga aski zan yi mai," ya ce. "In yi mai da hannuna."

A damunar 1999 saƙo ya zo daga wani wanzamin tashar Tsafe, Attahiru, cewa mota ta yi hatsari tsakanin Tsafe da Gusau, kuma ɗan Dalhatu na ciki. Ni na raka Dalhatu. Duk hanya yana rungume da zabira.

Da muka isa muka tarar Mas'udu ya rasu, an kwantar da shi an lulluɓe shi da zane. Dalhatu bai buɗe fuskar ba. Ya zura hannu ƙarƙashin zanen, ya lalubi bayan kunnen hagu, ya ji tabon, ya yi salati a hankali. Sai na ga hannun ya ci gaba da shafa kan, ya sake shafawa. Ya ɗago ya dubi Attahiru.

"Wa yai mai aski?"

"Ni na, da sahe," in ji Attahiru. "Ya sabko daga babbar mota da suma cike da kai. Yac ce in yi mai ƙwal da aska, gida za shi, bai son Baba shi gane shi haka. Da nig gama, shi da kanai yat tattara gashin yab binne."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji na Dalhatu a ranar ba. Bai yi kuka ba. Ya ce kawai askin ya yi kyau.

Injin yana nan a zabira, bai sake ɗora shi a kan kowa ba. Har yau Dalhatu ke mini aski ranar Juma'a. Kafin ya jiƙa kan, sai in ji babban yatsansa ya tsaya a bayan kunnena na hagu, ya ɗan daɗe a wurin. Nakan bar shi har ya ɗauke.