Ta'aziyyar da Yaya Habu Bai Sa wa Rana Ba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa a Tarauni, amma har yau in na ɗauki jaridar Juma'a sai idona ya tafi shafin baya, inda filinsa na "Ta'aziyyar Mako" yake fitowa.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, wana ne, kuma aikinsa sanar da mutuwar abin da ba shi da rai. Ya yi wa Ruwan Famfo ta'aziyya, ya ce marigayin ya bar 'yan garuwa cikin walwala. Ya sanar da rasuwar Kunya bayan doguwar jinya, wai za a yi jana'iza a Gyadi-Gyadi in an samu wanda ya san ta. Dattawan unguwa na kiransa shaƙiyyi, suna kuma aikawa a sayo musu jaridar.

Abin da ke hana ni sukuni yanzu shi ne, duk abin da ya yi wa ta'aziyya da wasa sai da ya mutu da gaske. Lokacin da ya rubuta ta Maƙwabtaka, katangar da ke tsakaninmu da Malama Rifkatu, malamar makaranta 'yar Kudancin Kaduna, ba ta wuce ƙugu ba. Ta kanta ake miƙa tuwon Sallah, a miƙo shinkafar Kirsimeti. Ta leƙo da jaridar a hannu ta ce, "Malam Habu, bakinka ya sari ɗanyen kashi!" Yau katangar ta ninka tsawona, ga waya mai ƙaya a kai. Rifkatu ta tashi, wanda ya gaje ta a gidan ko sunansa ban sani ba.

Da yana raye, me zai rubuta a zamanin da raha ɗaya a waya kan sa a zo neman mutum har gida? Anya zai kai wata guda? An ce baki shi ke yanka wuya, kuma nasa bai taɓa sanin linzami ba. Wani lokacin, Allah Ya yafe mini, har daɗi nake ji da ya tafi da wuri.

Ana saura kwana biyu ya cika ya miƙo mini takarda a gadon asibiti. Ta'aziyyar Dariya ce, amma gurbin ranar jana'iza babu komai. Na ce, "Yaya, ka manta rana." Ya ce, "Da sauran numfashinta, Sani. Ranar da ka ga mai barkwanci ya waiga kafin ya buɗe baki, ka cike."

Bai bar gida ba, bai bar gona ba, wannan takardar ce gadona. Kuma sai na faɗa muku gaskiya: a rubutun nan na soke barkwancinsa biyu, ɗaya kan 'yan siyasa, ɗaya kan malamai. Ba wanda ya ce in soke. Ni kaɗai ne a ɗakin, amma sai da na waiga.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Takardar tana gabana, biro yana hannuna, kuma ina jin tsoro.