Tsumma a Bututu

Mai gyaran yana durƙushe a bayan injin busar da kaya, dattijo siriri mai furfura har a gira. Da hannun hagu yake aiki, domin na daman yatsu uku suka rage masa, fatar ta tattare tana sheƙi kamar ledar da ta sha wuta. Goggo tana tsaye a kansa da kwandon kayan jikokinta, tana satar kallon hannun.

Ya zura waya cikin bututun da ke fitar da iska mai zafi, ya jawo tsumma. Sai ga curin burbushin zare ya biyo baya, gefensa duk ya babbake.

"Mama, wa ya toshe nan?"

"Ni ce. Ɓeraye ke shigo mini ta wajen."

Ya tsinko ɗan kaɗan daga curin, ya ajiye a ƙasa, ya ƙyasta masa ashana. Kafin ta ƙifta ido ya ƙone ƙurmus.

"Wa ke kwana a bayan bangon nan?"

"'Yan biyun 'yata."

Kwandon ya suɓuce mata. Kullum da rana sai ta kwantar da su take kunna injin, don ƙuginsa ne ke sa su barci.

Yanzu ba satar kallon hannun take yi ba, ido ta zuba masa. Wane ɗaki mai cin wuta hannun nan ya shiga? Wa ya ceto, wa ya bari a ciki?

Da yatsun nan uku ya ɗauki wata 'yar safa da ta faɗo daga kwandon, ya karkaɗe ta a hankali. Ya daɗe bai miƙo mata ba.