Wardi biyu a tsakar gidanmu

Shekarun baya, da muka tashi kafa tankin ruwa a gidanmu na Tudun Wada, sai wuri ya yi mana kaɗan. Akwai wardi biyu da marigayi mahaifina ya shuka a tsakar gida, ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma, kuma dole ɗaya ya ba tanki wuri.

In ba fure suka yi ba, ba ka raba su, ganye iri ɗaya, ƙaya iri ɗaya. Na yamma furensa manya ne, ja jawur, duk baƙon da ya shigo sai ya tanka, amma ko hanci ka cusa ba ka jin komai. Na gabas kuwa ƙanana ne, fari-fari, iska kaɗan ta kaɗa sun zube sun bar mu da shara. Ƙamshi dai kam har zaure.

Ni sarkin tsari ban yi shawara da kowa ba, na ɗauko fartanya na nufi na gabas. Sara ɗaya na yi mahaifiyata ta jiyo daga ɗaki. A lokacin idonta ya riga ya tafi, da bango take lalube.

"Auta, wanne kake sara?"

"Mai sharar nan, Inna. Na bar miki mai kyan."

Ta yi dariya. "Ka bar wa idonka dai. Ni me zan yi da kyau yanzu?" Sannan ta ce, "In kun watse wurin aiki azahar ta yi, wa kake tsammanin yake nuna mini gabas? Hancina nake bi in shimfiɗa darduma."

Na ajiye fartanya. Kullum ina ganinta ta fuskanci alƙibla daidai, ban taɓa tambayar kaina yadda take yi ba. Ashe gudun ta dame mu ne ya sa ta kama bakinta.

Tanki ya koma yamma, wani abokina na unguwar Hanwa ya tone jan ya tafi da shi yana murna. Inda na sara na ɗaure da tsumma, Inna ta riƙa alwala a gindinsa har ya warke.

Allah ya yi mata rasuwa tuntuni, kuma har gobe ina kewarta. Yanzu ko wayata tana nuna alƙibla. Amma in na fito tsakar gida da darduma, nakan rufe ido in bi hancina, kuma bai taɓa ɓatar da ni ba.