Maraƙin Harawa

Ni ne na cusa wa maraƙin harawa. Ƙaiƙayin shinkafa aka ce in sa, amma injin casa na da nisa, harawa kuwa ga ta a kan rumfa tana kallona.

Saniyarmu bokolo ce, fara, ƙahonta bai fi ɗan yatsa ba, fatar wuyanta kuwa ta isa a ɗinka mini babbar riga har da wando. Kakana ya ce yana saurayi ya koro kakar kakarta a ƙafa daga wajen Sakkwato zuwa Argungu. Irinsu ba su da rowa: matan su ba da nono, mazan su ja garma, in sun tsufa a ci nama. Garken ya ƙare a hankali. Ambaliya ta ci wasu, jinya ta ci wasu. Ita kaɗai ta biyo mu da muka ƙaura unguwar Badariya.

Da maraƙinta ya mutu, sai ta ɗauke nono, don ba ta saki sai tana lasar ɗanta. Baba ya ce ba zai iya ciyar da ita haka nan ba, zai kira mahauta. Kaka ya roƙa a gwada dabarar mutanen da: a feɗe maraƙin, a cusa fatar, a shafa mata gishiri, a ajiye a gaban uwar.

Da farko abin ya ci. Ta lasa, Inna ta tatsa, ƙwarya ta kusa cika. Na zaga unguwa ina shelar na tayar da matacce. Washegari tana cikin lasa sai ɗinkin ya ɓalle. Ta sansana, ta jawo harawa, ta hau tauna. Muna tsaye ta cinye cikin ɗanta tas, fatar ta zube kamar tsohon buzu. Na fashe da dariya, na waiga, ashe ni kaɗai ke yi.

"Kai yaro, mi kas sa ciki?" in ji Kaka.

Na kalli saniyar. Harawar na bakinta.

Aka cusa ƙaiƙayi aka sake ɗinkewa, ko kallonsa ba ta yi ba. Inna ta yi ta murza hantsa, babu ko ɗigo. Kaka bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Sai dai ya zauna a gindin turke yana cire mata kaska.

Ranar kasuwa mahauta suka zo da igiyarsu. Turken yana nan, babur ɗin Baba ake jinginawa a jikinsa.