Mero Ba Ta Sayen Makaranta da Samfur

Aikin Mero a gundumar Liwan, nan ƙasar waje inda muke zaune, shi ne duba wa 'yan kasuwar Kano kaya kafin a kai su filin jirgin saman Baiyun a loda a jirgi. Ba ta taɓa yarda da kwalin sama ba. Na ƙasa take janyowa ta farke, laoban, wato mai shagon, yana hararar ta, ita ko a jikinta. Maƙwabciyata ce, na san halinta, taurin kai ne da ita kamar me.

Da 'yarta Radiyya ta isa shiga babbar sakandare, wan marigayi mijinta, Alhaji Kallamu, ya zo baje kolin Pazhou ya biyo da magana.

"Maman Radiyya, kowa a nan in yaro ya kai wannan shekarun gida yake mai da shi. Zan tafi da ita Kano."

"Yaya, ita kaɗai gare ni. Ba inda za ta."

Ya ce to ta nuna masa makarantar gwamnati da ta isa, in ba haka ba da yarinyar zai hau jirgi.

Radiyya ta karanto mata komai daga waya: wadda ta fi maki, yawan ɗalibai, abin da kowace gunduma ke kashewa. Mero ta ce wannan duk samfur ne. Ta ɗauki jaka ta bi makarantun da ƙafarta.

Wadda ake ta yabo, ginin kamar otal, amma ta kwana ce. Ta tambayi abincin Musulmi, aka ce "meiyou", babu. Ta juyo abinta. Wata a Liwan, makinta tsaka-tsaki, fentin ma ya koɗe, sai dai ajin ba cunkoso, kuma malamar ta ce yarinya ta riƙa zuwa da kular abincinta. Ita Radiyya ta zaɓa, ta ci jarrabawar shiga.

Alhaji Kallamu ya ji haushi ƙwarai. "Wannan ba ta ma cikin na gaba-gaba. Abin da zan faɗa wa dangi ke nan?"

"Ka ce musu na duba har ƙasan kwali. Ubanta a garin nan aka binne shi, ba zan rasa biyu ba."

Wallahi ni da ke gefe sai da na share ido. Shi kaɗai ya hau jirgi. Yanzu kullum da yamma ina jin Mero ta bango tana faɗa, wai Radiyya ta sake dawowa da kula ba ta wanke ba.